Tantabara, Butar Shayi da Iyakar Wasa a Duniyar Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ranar 1 ga Afrilu, 1990, wani injiniya a Amurka mai suna David Waitzman ya fitar da takarda mai lamba 1149 a cikin jerin takardun da ake kira RFC, waɗanda tun shekarar 1969 a cikinsu ne injiniyoyin intanet suke rubuta ƙa'idojin da kwamfutoci za su bi wajen magana da juna. Takardar gajeriya ce, kuma an rubuta ta da irin harshen nan na ofis wanda babu fara'a a cikinsa, amma abin da take bayani shi ne yadda za a aika saƙon intanet ta hanyar tantabara. A cewarta, sai a buga ƙunshin bayanin a kan 'yar siririyar takarda, a naɗa ta a ƙafar tsuntsuwar, a liƙe da salatif, a sake ta, idan ta sauka a kwance takardar a mayar da rubutun cikin kwamfuta. Bayan shekara 11, a ranar 28 ga Afrilu, 2001, ƙungiyar masu amfani da Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da kowa ke iya karantawa ya gyara, ta birnin Bergen a ƙasar Nowe ta ɗauki maganar da gaske. Suka samo tantabaru, suka rubuta 'yar manhajar da ake bukata, suka aika ƙunshi 9 a tazarar kimanin kilomita 5. Amsa 4 ce ta dawo, wadda ta fi sauri ta ɗauki kusan minti 54, wadda ta fi jinkiri kuma sama da awa ɗaya da minti 45.

Ni da nake koya wa matasa aiki da Linux a nan cikin birnin Katsina, har yanzu ban sami hanyar da ta fi wannan labari saurin shigar da wani muhimmin darasi cikin kan ɗalibi ba. Darasin shi ne cewa an gina intanet hawa-hawa, kuma hawan da ke ɗauke da adireshi da saƙo bai damu da abin da ke ƙarƙashinsa ba, ko wayar tagulla ce, ko zaren gilashi, ko igiyar rediyo, ko fiffiken tsuntsu. Ɗalibin da ya yi dariya a kan tantabarar ya riga ya fahimci abin da shafuka masu yawa na littafi suke ƙoƙarin faɗa masa, kuma yawancin yaranmu sun taso suna ganin ɗakin tantabaru a gidajen unguwa, don haka hoton yana zama a zuciyarsu. Akwai ma ƙarin darasi a ciki game da bambancin yawan kaya da saurin isa. A shekarar 2009 wani kamfani a Afirka ta Kudu ya ɗaura wa tantabara katin ajiya mai gigabayit 4, ta yi tafiyar kimanin kilomita 80, aka sauke bayanan cikin kwamfuta, alhali layin intanet ɗin da aka yi tseren da shi bai wuce kashi 4 cikin 100 na aikin ba.

Irin waɗannan takardu na barkwanci na ranar 1 ga Afrilu, ranar da Turawa suke tsokanar juna da labaran ƙarya, sun faro ne tun 1978, kuma daga 1989 kusan kowace shekara sai an fitar da ɗaya ko fiye. A 2003 Steve Bellovin, wanda masani ne a harkar tsaron kwamfuta, ya ba da shawarar a ware wata alama a jikin kowane ƙunshin bayani, wadda duk mai mugun nufi zai riƙa kunnawa domin a gane shi a tare shi. Wanda ya karanta ya gama dariya sai ya tsaya ya yi tunani a kan yawan tsare-tsaren tsaro da aka gina bisa zaton cewa ɓarawo zai faɗi sunansa a bakin ƙofa.

Wadda ta fi kowace shahara ita ce ta 1998 mai lamba 2324, wadda Larry Masinter ya rubuta a kan yadda za a sarrafa tukunyar dafa gahawa ta intanet. Duk mai shiga shafuka ya taɓa cin karo da lambar 404, wadda take nufin ba a sami shafin da ake nema ba. Masinter ya ƙirƙiro lamba 418, wadda butar shayi za ta mayar idan aka umarce ta da dafa gahawa, ma'anarta kuwa: ni butar shayi ce. Masu rubuta manhaja suka so ta, suka shigar da ita cikin manyan kayan aiki irin su Node.js da harshen rubuta manhaja na Go. A 2017 Mark Nottingham, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin da ke kula da ƙa'idar da shafukan intanet suke tafiya a kanta, ya nemi a cire ta daga waɗannan wurare, hujjarsa ita ce lambobin ba su da yawa, kuma wata rana za a iya bukatar wannan domin aiki na gaske. Hujja ce mai ma'ana, amma jama'a suka ƙi, har wani yaro ɗan shekara 15 ya buɗe shafi na musamman domin kare lambar. A ƙarshe Nottingham da kansa ya nemi a keɓe 418 kada a ba wani aiki ita, kuma haka aka yi. Abin da ya burge ni a wannan rikici shi ne yadda aka yi shi a fili, kowa ya kawo hujjarsa, babba ya saurari ƙarami, aka rabu ba tare da cin mutunci ba.

Dalilin da ya sa wasa ya yi yawa a wannan duniya ba ɓoyayye ba ne. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda kowa yake da damar karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba, kuma kaso mai yawa na masu rubuta ta 'yan sa-kai ne da suke aikin da dare bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu. Mutumin da ba a biyansa, kuma babu manaja a kansa, dole ya nemi abin da zai sa aikin ya yi masa daɗi, sannan mutanen da ke aiki tare daga ƙasashe daban-daban ba tare da sun taɓa haɗuwa ba suna bukatar abin da zai sa su ji su 'yan gida ɗaya ne. Shi ya sa Guido van Rossum ya raɗa wa harshen Python sunan wata ƙungiyar 'yan wasan barkwanci ta talabijin a Ingila, ba sunan maciji ba kamar yadda ɗalibai da yawa suke zato. Shi ya sa a Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, idan ka rubuta apt-get moo sai saniya da aka zana da haruffa ta bayyana a allo. Wani Bajapane mai suna Toyoda Masashi ya lura cewa masu gaggawa sukan juya haruffan umarnin ls, wanda ke nuna jerin fayiloli, su rubuta sl, sai ya rubuta 'yar manhaja mai wannan suna wadda ke sa jirgin ƙasa mai hayaƙi ya ratsa allon, ka zauna ka jira har ya wuce. Manyan kamfanonin da ke sayar da rufaffiyar manhaja sun bi wata hanyar daban: Microsoft ya daina barin ɓoyayyun wasanni a cikin kayansa tun farkon shekarun 2000, domin abokin ciniki irin gwamnati ko banki ba zai yarda da abin da ke ɗauke da ɓangaren da ba a faɗa masa ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage, domin muna da tsarin abokan wasa wanda ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Bakatsine ya san abin da ke tsakaninsa da Banufe da Bahaɗeje, Bafulatani ya san nasa da Babarbare, taubasai kuma, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna tsokanar juna har da karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. Maganar da Banufe zai faɗa mini a tsakiyar kasuwa in yi dariya in rama, da wani ne ya faɗa da sai an shiga tsakani. Abin da ya sa tsarin ya ɗore shi ne kowa ya san da wa ake yi, duka ɓangarorin biyu sun yarda, kowanne yana da damar ramawa, kuma ba a jawo baƙon da bai san dangantakar ba a sa shi a tsakiya. Tsohuwar tsokanar da ke tsakanin masu rubutu da manhajar Emacs da masu rubutu da manhajar vi, wadda ta shafe gomman shekaru ana yi, irin wannan ce sak, kuma ba ta taɓa hana ɓangarorin biyu aiki tare ba. Matsala tana farawa ne a ranar da manhajar da 'yan mutane kaɗan suka rubuta domin junansu ta zama abin da miliyoyin baƙi suka dogara da shi, alhali masu ita suna ci gaba da wasa kamar su kaɗai ne a zauren.

Misali mai sauƙi shi ne na umarnin man, wanda ke buɗe littafin bayanin kowane umarni a Linux. A 2011, bisa shawarar wani aboki, mai kula da manhajar, Colin Watson, ya saka mata wani ɗan wasa: idan aka kira ta da ƙarfe 12:30 na dare ba tare da an faɗi shafin da ake so ba, sai ta rubuto kalmomi uku daga wata tsohuwar waƙar Turawa. Shekara 6 babu wanda ya koka. A 2017 wani ma'aikaci ya fito yana tambaya, domin gwajin da kwamfutocinsu suke yi da kansu yakan lalace jefi-jefi, kuma bayan bincike ya gano cewa hakan yana faruwa ne kawai idan gwajin ya faɗo a wannan minti na dare. Watson ya fito ya amsa cewa shi ne ya saka, ya fara da taƙaita wasan, daga baya ya cire shi gaba ɗaya. Ina ganin girman wannan mutum, domin bai ce wa mai ƙorafin ba ya da fara'a ba, ya gane cewa lokacin da wani ya ɓata yana neman musabbabin matsala lokaci ne da aka ɗauke masa ba da izininsa ba.

Wanda ya fi wannan muni ya faru ranar 25 ga Disamba, 2018. Ant Design tarin kayan gina fuskar shafuka ne da wani babban kamfanin ƙasar Sin ya buɗe wa kowa, kuma dubban kamfanoni da hukumomi suna amfani da shi. A safiyar wannan rana masu shafuka suka tashi suka tarar da dusar ƙanƙara a kan maɓallansu, da wata gaisuwar Kirsimeti da ke fitowa idan aka ɗora linzami a kai. Wani daga cikin masu kula da kayan ne ya dasa abin watanni kafin ranar, kuma da gangan ba a ambace shi a jerin sauye-sauyen da ake sanar da jama'a ba. Masu gina shafuka suka sha tambayoyi daga iyayen gidansu a kan abin da ba su suka yi ba, kuma ba su ma san yana nan ba, har mai wasan ya fito ya ba da haƙuri aka cire. Duk lokacin da na tuna wannan sai in kwatanta da kaina: a ce na gina wa wata makarantar Islamiyya a Daura shafin biyan kuɗin makaranta, rana ɗaya shugaban makarantar ya kira ni yana tambayar wanda ya ba ni izinin saka alamar bikin wani addini a shafinsu. Babu amsar da zan ba shi da za ta gamsar, kuma haka abin zai kasance da alamar Sallah ce ta ɓullo a shafin wani coci ba da saninsu ba. Manhajar kallon bidiyo ta VLC ita ma tana sanya wa tambarinta hular Kirsimeti a ƙarshen Disamba, amma a kan tambarinta ne na kanta, kowa ya san da abin, kuma akwai wurin kashe shi a cikin saituna. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu tana da faɗi ƙwarai.

Har lasisi bai tsira ba. A 2002 Douglas Crockford ya ƙara jimla ɗaya a lasisin wasu manhajojinsa, cewa a yi amfani da su domin alheri, kada a yi domin sharri. Lauyoyi ba su ɗauke ta wasa ba, domin babu kotun da za ta iya auna ma'anarta, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda lauyoyin IBM suka nemi ya rubuta musu izini na musamman. Debian ta ƙi karɓar lasisin a matsayin 'yantacce, gidauniyar Apache, mai kula da buɗaɗɗun manhajoji da yawa, ita ma ta hana amfani da shi a ayyukanta a 2016, mutane da yawa suka sake rubuta abin da an riga an rubuta.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman a matsayinmu na Musulmi, wato maganar ƙarya. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa amma ba ya faɗar komai sai gaskiya, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda yake yin ƙarya domin ya ba mutane dariya. Saboda haka ba na mamakin yadda malamanmu suke tsawatarwa a kan al'adar yaudarar 1 ga Afrilu. A fahimtata, takardar tantabara da ta butar shayi almara ce wadda ba a rubuta ta domin wani ya gaskata ba, mai karatu yana gane ta tun daga take, kuma tana ƙarewa da ilimi. Wasu kuwa an tsara su ne domin a ruɗi mutane. A 2001 Simon Cozens ya wallafa labarin cewa Larry Wall mai harshen Perl da Guido van Rossum sun amince su haɗe harsunansu biyu su zama ɗaya mai suna Parrot, har da hirar da aka ƙaga, kuma akwai waɗanda suka gaskata. A 2011 ma Debian da Arch da Gentoo da openSUSE da Grml, dukkansu nau'o'in Linux, suka sanar a rana ɗaya cewa sun dunƙule sun zama abu guda mai suna Canterbury. Na san masu yin waɗannan ba su nufi cuta ba, kuma sunan Parrot daga baya an ba wani aiki na gaske, amma ni ba zan sa hannu a irinsu ba, domin daɗinsu gaba ɗaya ya rataya ne a kan a sami wanda ya yarda da abin da ba haka yake ba.

Mafi cutarwa a cikin duka shi ne wanda ake yi wa sabon shiga, kuma shi na gani da idona. Tsohuwar mugunta ce a wannan duniya mutum ya zo da tambaya, wani ya ba shi umarnin rm tare da wasu 'yan haruffa, ya ce masa zai ƙara wa kwamfutarsa sauri, alhali umarnin share komai ne ba tare da tambaya ba, kuma abin da aka share ta wannan hanya ba ya zuwa kwandon shara balle a dawo da shi. Tun 2006 masu kula da kayan GNU, waɗanda rm na Linux yake cikinsu, suka sa umarnin ya ƙi share tushen kwamfuta gaba ɗaya sai an tilasta masa, amma wannan kariya ba ta rufe jakar da mutum yake ajiye nasa fayilolin ba. Wani ɗalibina ya tura wa abokinsa irin wannan umarni ta waya, abokin kuwa yana shekarar ƙarshe a makaranta, da tsohuwar kwamfuta ta hannu wadda yayansa ya saya masa, kuma aikin bincikensa na kammala karatu yana ciki ba tare da kwafi a ko'ina ba. Da na kira wanda ya tura, sai ya ce mini, "Malam, wallahi wasa nake yi, ban zaci zai buga ba." Na ce masa, "Ƙanena, ya buga ne domin ya yarda da kai, kuma ka san ya yarda da kai, shi ya sa ka zaɓe shi." Na tuna masa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, lokacin da wasu sahabbai a kan tafiya suka ɗauke igiyar wani da yake barci ya farka a firgice, Annabi ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Mun yi amfani da PhotoRec, wadda ita ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, muka ceto wasu fayilolin ba tare da sunayensu ba, sauran kuwa sai da yaron ya sake rubutawa, wanda ya yi ɓarnar ya zauna tare da shi suna bugawa. Abin da ya fi damuna shi ne yaron ya daɗe yana tsoron taɓa baƙin allon umarni, kuma a gari irin namu inda masu wannan ilimi ba su da yawa, rasa ɗalibi ɗaya saboda tsoro asara ce babba.

Ban hana wasa a ajina ba, kuma ba na fatan ranar da za a wanke wannan duniya daga fara'arta ta koma kamar takardar haraji. A makon farko nakan sa kowa ya girka sl da hannunsa bayan na faɗa masa abin da take yi, mu kalli saniyar Debian, mu buɗe rubutun tushen abin mu ga layin da ke haifar da wasan, domin wannan shi ne babban gatan da buɗaɗɗiyar manhaja ta ba mu, cewa babu abin da ke ɓoye ga wanda ya yi niyyar karantawa. Sharaɗina shi ne kada wani ya taɓa kwamfutar ɗan'uwansa ba da saninsa ba, kada kuma wani ya buga umarnin da bai iya fassara shi kalma bayan kalma ba, ko da ni ne na ba shi.

A ɓangaren aikin da muke yi wa masu shagunan magani da makarantu a Katsina da Daura da Funtuwa kuwa, mai shagon bai san sunan ko ɗaya daga cikin ɗaruruwan ƙananan manhajojin da nasa tsarin ya dogara da su ba, mu ya sani, mu zai kira. A watan Janairu na 2022 marubucin wata ƙaramar manhaja mai suna colors.js, wadda dubban ayyuka suke jingine da ita, ya sauya ta da gangan ta riƙa zubo haruffa marasa ma'ana ba tsayawa, saboda fushin da yake yi da manyan kamfanonin da ke cin moriyar aikinsa kyauta, kuma duk wanda tsarinsa ke ɗauko sabuwar siga kai tsaye ya tashi da matsala a ranar. Saboda haka a duk aikin da zan miƙa wa abokin ciniki nakan kulle sigar kowace manhaja a kan wadda na gwada, in karanta jerin sauye-sauye kafin in sabunta, sannan in gwada sabuwar a tawa kwamfutar, har da tura agogonta gaba zuwa 1 ga Afrilu da 25 ga Disamba in ga ko wani abu zai ɓullo, kafin in kai ta shagon mutum.